Birkin Hannu

Shekarar da aka hana keken da ba shi da inji hawa titi, Tanimu mai burodi ya kai nasa wurin Sallau bakanike. Sallau ya ɗaura injin lantarki a tayar baya, ya kwance birkin hannu ya jefa kwando.

"Malam Sallau, da me zan tsaya?"

"Sabuwar taya ba ta shiri da tsohon birki. Da ta ji awarwaron da hukuma ta raba wa kowa a hannun mai tsallaka titi, tsayawa take da kanta."

Tanimu ya tuna Innarsa. Nata awarwaron na rataye a ƙusa, wai yana hana ruwan alwala taɓa fata, kuma kullum sai ta tsallaka titin nan zuwa kasuwa.

Ya zaro birkin daga kwandon.

"Su shirya ko kada su shirya, mayar mini da shi."