Likitan Dabbobi da Tukunyar Baƙin Wake

Tunda ka ce nauyin tambaya kake ji a sabon wurin aikin nan naka, wai kada a raina ka, to gyara zama in ba ka misali.

An yi wani likitan dabbobi da aka tura karatu ƙasar Kyuba tun yana saurayi. Shekara shida ya yi a can, ya iya yarensu kamar a can aka yanke masa cibiya, amma ko loma ɗaya ta girkinsu bai taɓa kaiwa baki ba. Tun ranar da ya sauka wani ya raɗa masa cewa mutanen nan ko ruwan zafi za su dafa sai sun jefa kitsen alade, shi ke nan ya ɗaure cikinsa: burodi, dafaffen ƙwai, sai shinkafar da yake dafawa a ɗakinsa. Wannan ba abin kunya ba ne, kiyaye addini ne. Abin kunyar a bakinsa yake. Da ya dawo gida, duk majalisar da ya zauna sai ya sako zancen abincin Kyuba, abin da ya hango a farantin wasu ya ƙara masa gishiri. Matarsa ce ta fi kowa shan wahalarsa. In ta dafa wake da shinkafa sai ya cinye tas, ya suɗe hannu, sannan ya ce, "Kin yi ƙoƙari, amma da kin ci na Kyuba."

Ana nan har furfura ta fito musu, sai ɗansu da ke aiki a wani birni na bakin teku a ƙasar waje ya aiko su je su huta. Rannan ɗan ya fita aiki, matar ta ce ta ji an ce 'yan Kyuba sun yi yawa a garin, yau kam sai ta ɗanɗana abin da aka daɗe ana yi mata gori a kansa. Likita ya kafa hula ya shige gaba. Suka bi titin bakin ruwa, inda gidajen abinci suka jeru, kowanne da tuta da makaɗa da wani ƙato mai malfa a ƙofa yana washe haƙora. Likita ya leƙa allon farashi, ya ga faranti ɗaya ya kai kuɗin tunkiya a gida, sai ya taɓe baki ya ce wannan na 'yan yawon buɗe ido ne, ba na asali ba. A nan kam ya faɗi gaskiya, sai dai aljihunsa ne ya gaya masa, ba harshensa ba. Haka ya yi ta jan baiwar Allah daga wannan titi zuwa wancan, yana fatan ta gaji ta ce a koma gida. Bai tambayi kowa hanya ba, don ai masani ba ya tambaya.

Matar ce ta gano wurin. A bayan kasuwar kifi ta hango direbobi da 'yan dako sun yi layi a wata 'yar ƙofa, ta ce ko a tashar garinsu, inda direbobi suka yi layi nan abinci yake. Da suka matsa, likita ya ji karin harshen mutanen, ya san an zo gidan, ba kuma hanyar gudu. Wata dattijuwa ce tsaye a bayan tukwane, ba takardar zaɓen abinci, sai dai ka nuna da yatsa, kuɗin kuwa bai taka kara ya karya ba. Matar ta ce, "Likita, kai ka san kansu, zaɓa mana." Ya nuna tukunyar baƙin wake da isa, aka zubo musu a kan farar shinkafa. Ta gyara mayafi, ta ɗauki cokali. A nan idonsa ya faɗa kan wani farin yanki mai maiƙo yana leƙowa daga cikin waken. Na saniya ne ko na wancan, bai sani ba. In ya yi shiru girmansa ya tsira, amma ya ciyar da matar da ta yarda da shi abin da shi ya yi shekara shida yana gudu. Ta ce bismillah, ya riƙe mata hannu.

Ya tashi ya tambayi dattijuwar naman da ke cikin waken, ta ce alade ne mana. Sai ya bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya yana cewa wannan fa, me ke ciki, yaya sunansa? Ta tambaye shi inda ya koyi magana irin ta garinsu, ya gaya mata, har da yawan shekarun. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta ƙwala wa mijinta kira ya fito ya ga mutumin da ya zauna a Kyuba bai san tukunyar wake ba. Matar likita ba ta jin yaren, amma wannan bai buƙaci tafinta ba. Dattijuwa ta ɗauke farantin, ta wanke kasko, ta soya musu kifi da sabon mai, ta haɗo da dafaffen rogo mai tafarnuwa da lemun tsami da soyayyar agada. Suka ci har suka manta da ciwon ƙafa.

Matar likita ta ci har farantinta ya yi fes. Sannan ta goge baki ta ce, "Ashe, Likita, ni da kai rana ɗaya muka je Kyuba." Sai ya tura mata ragowar agadarsa.

Girma ya ɗan zube, amma cikinsu bai ɗauki haram ba, kuma a ƙoshe suka koma gida. Shi ya sa Hausawa ke cewa, matambayi ba ya ɓata, sai dai asirinsa ya tonu.