Mawaƙiyar Tsatsa

Ranar da Mas'udu ya shigo gida da jita a kafaɗa da lasifika ɗaure a bayan babur, matarsa Saude ta ɗauka ajiya aka ba shi. Mutumin da ko a gidan biki ba ya kaɗa kai, ma'aikacin ofis a Gusau da rigarsa ba ta rabo da guga, me ya haɗa shi da kayan kiɗa? Ya ce a hannun wani ɗan bautar ƙasa ya saya a Bungudu, kuma ƙungiya za su kafa, shi da ita. Har da suna ya zo: Tsatsa.

Kiɗan kuwa wai pank ake ce masa. Ya nuna mata a waya. Wasu samari ne ke dukan jita kamar sun kama ɓarawo, ɗaya yana ihu a makirufo har jijiyoyin wuyansa sun fito. Ba ruwansu da furodusa ko situdiyo, in ji shi, a ɗakinsu za su yi abinsu.

Wata biyu ke nan da rufe Muzdalifa, 'yarsu ɗaya tal, wadda zazzaɓin kwana uku ya ɗauke tana shekara huɗu. A zaman makoki sau ɗaya Saude ta buɗe baki, Gwaggo Indo ta sa tafi ta rufe shi, ta ce mai imani ba ta ɗaga murya. Tun daga nan ta haɗiye. Shi kuwa uban ko hawayensa ba ta gani ba, ga shi yau da jita. Ta yanke a ranta cewa kansa ne ya taɓu, kuma in ta ƙi biye masa ba ta san inda abin zai tsaya ba. Sai ta karɓi makirufon da ya miƙo mata.

Kullum bayan la'asar yakan tayar da janareto, ya ɗora lasifikar a kan taga, ya kunna ganga daga waya, ya juya mata baya ya hau jita. Maganar gaskiya, bai iya ba. Wuri biyu kacal yatsunsa suka sani, su yake ta maimaitawa har kwanon rufi ya ɗauki rawa. Ita kuwa a ƙuryar ɗaki ya ajiye ta.

"Malam, ina baitocin?" ta tambaye shi ranar farko.

"Babu baiti. Duk abin da ya zo bakinki ki sake shi, hakanan ake yi."

Makon farko da ƙyar take buɗe leɓe. A mako na biyu wani abu ya ɓalle mata a ƙirji. Ta kira sunan 'yarta, ta sake kira, ta zagi zazzaɓi, ta faɗi abubuwan da ko a zuci ba ta taɓa yarda ta faɗa ba. Don tsananin ƙarar da ke ɗakin ko muryar kanta ba ta ji. Sai dab da magariba Mas'udu ya kashe janareto, ta zube a ƙasa maƙogwaro na yi mata zafi, sannan kunya ta rufe ta.

Kunyar nan ita ta fi cinta. Ta daina zuwa islamiyya, ta daina leƙa maƙwabta, don ba ta san da wane ido za ta dubi matan da suka ji cikinta a lasifika ba. In ta ce ya kunna mata abin da suka ɗauka, sai ya ce ba a gama haɗawa ba. Shi ma kunyar ba ta bar shi ba: a ofis an sa masa suna mai jita, a masallaci ana ba shi hannu da ƙyar. Tana tausayinsa, tana kuma jin haushinsa, domin baƙin cikinta ya ɗauka ya yi talla da shi a unguwa. Ta rasa yadda za ta yi da shi, ta rasa yadda za ta yi da kanta. A wata na uku ta haɗa kayanta a ɓoye, ta ce a ranta ranar Asabar sai Tsafe, gidan iyayenta.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa ya yi sallama da dattawa biyu. Saude ta laɓe a jikin taga tana jin su.

"Malam Mas'udu, kiɗin ga ya ishe mu," in ji mai unguwa. "Daga yau an gama, ko kuwa ka nemi wata unguwa."

"Baba, a ƙara mani ko sati biyu. Ba mu ƙare ba tukuna."

"Ko yini guda ba a ƙara maka. Ka ji kunya mana. Ga matarka nan, baiwar Allah, tun da anka yi rasuwar ga ko tarinta ba wanda ya taɓa ji. Kai ɗai ne ka hana mu sakat da ƙarfen ga naka."

Mas'udu ya yi ta ba su haƙuri.

Saude ta ja baya daga jikin tagar. Wata uku tana yaga maƙogwaro, a ce ko tarinta ba a ji ba? Ta dubi lasifikar da bakinta ke kallon titi. Ta ɗauki makirufon, ta kama wayar da ke jikinsa tana bi a hankali, ta ƙarƙashin tabarma, ta bayan kujera, har ta tarar da ƙarshenta a yanke, ba a taɓa jona ta da komai ba, an ɗaure ta da kyau a ƙafar gado.