Hular Granizo

Sau uku Crispín yana gwadawa, sau uku hular rufe fuskar tana cijewa a goshin mahaifinsa.

Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, ita ma an rufe ta don kada iska ta kashe kyandirori. Mahaifin nasa, Nicanor, na kwance cikin akwatin gawa da kwat ɗin aurensa. Sha biyun rana za a kai shi coci, ga shi sha ɗaya ta gota. A tsakar gida mutanen garin Apizaco sun cika maƙil, suna kurɓar kofi mai kirfa, suna jiran a buɗe ƙofa.

Ba Nicanor mai gyaran agogo suka zo wa rakiya ba. Granizo suka zo wa, ɗan kokawar da ba a taɓa ganin fuskarsa ba.

Ƙa'idar kowa ya san ta. Ɗan kokawar da aka kayar a wasan da aka sa hular rufe fuska a caca, a tsakiyar fage yake cire ta, ya faɗi sunansa da garinsu, shi ke nan ya zama mutum kamar kowa. Wanda kuwa ba a taɓa cire wa ba, da ita ake binne shi. A fito da shi fuska a buɗe, daidai yake da a ce ranar ƙarshe an kayar da shi.

Crispín ya sassauta igiyar bayan hular har ƙarshe. Farar hula ce mai ɗigon azurfa, har yanzu tana warin tsohon gumi. Ya tallabo kan da ya yi sanyi, ya ja a hankali kamar mai tsoron tada barci. Ramukan ido suka tsaya a kan gira.

Kumburin ciwo ne, ya ce a ransa. Amma ai ramar da Baba ciwon ya yi, har zobe yana zamewa daga yatsarsa.

A bango ɗamarar kambun kokawar take rataye, fata ta tsattsage, tagullar ta yi kore. Crispín bai gama sakandare ba, amma tarihin wannan kambu ya haddace shi tsaf. Don Fulgencio, mai gidan kokawar garin, shi ya ƙirƙiro shi don 'yan kokawa marasa nauyi. Mutum huɗu suka riƙe shi cikin shekara takwas. Sai Granizo ya ɓullo, a rufe daga kai har tafin ƙafa, ba ya magana, ba ya shiga ɗakin sauya kaya da kowa. Ya karɓe kambun, ya kare shi sau talatin da ɗaya. Wata Lahadi aka kira sunansa, bai fito ba. Bai sake fitowa ba. Don Fulgencio ya rantse kambu a fage ake ƙwace shi, ba a ofis ba. Ya jira har ya mutu, aka mai da gidan kokawar wurin ajiye motoci. Kambun ya mutu da shi, shekarar da aka haifi Crispín.

Babu wanda ya taɓa fitowa fili ya ce Nicanor ne Granizo. An dai sha ganinsa shi da matarsa suna shiga ta ƙofar baya da jaka. In aka tsokane shi, murmushi kawai yake yi, ya mai da ido kan agogonsa.

Aka buga ƙofa.

"Kai Crispín, aski kake masa ne?" Muryar Don Hilario ce, tsohon da Granizo ya ƙwace kambun a hannunsa. "Shekara ashirin muna jiran wannan ɗan banza ya fito, yau ma sai ya shanya mu?"

Wasu suka yi dariya, dariyar da ke ƙarewa da share hanci.

"Ina zuwa, Don Hilario."

"Ka ce masa kafaɗata har yau ba ta yafe ba."

Crispín ya dubi fuskar mahaifinsa. Hanci miƙaƙƙe, kunnuwa sumul kamar na jariri. Ya tuna yadda yake roƙonsa ya koya masa ko da kamu ɗaya, shi kuma ya ce gobe. Goben ta ƙare jiya da rana.

Ba zai fitar da shi tsirara ba. Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko almakashi. In ya tsaga hular ta ƙeya, matashin kai zai ɓoye wurin.

"Ajiye."

Bai ji shigowarta ba. Doña Eulalia, mahaifiyarsa, ta mai da ƙofar ta jingina da ita. Ta tako da ɗingishin nan nata da kullum take ɗora wa sanyin jiharsu ta Tlaxcala.

"Mama, ta ƙi shiga. Lokaci ya ƙure."

"Na sani."

"In ban tsaga ba, da wace fuska zai fita?"

"Da tasa. Ai ya sha wahalar ta wani." Ta shafa kumatun mijinta da bayan hannu. "Mutumin kirki. Ko kaza bai iya riƙewa a yanka."

"Mama, mutane fa..."

"Maza talatin da ɗaya sun ja hular nan, ba ta yage ba. Ba kai za ka fara ba."

Ta karɓe ta daga hannunsa. Ta zame mayafinta, ta tura furfurarta baya. Crispín bai tuna ranar da ya taɓa ganin kunnuwanta ba. A murɗe suke, a dunƙule kamar busasshen barkono, irin na tsofaffin 'yan kokawa.

Ta sunkuyar da kai, hular ta zauna da ja ɗaya. Yatsunta suka ɗaure igiyar ƙeya ba tare da lalube ba. Ta cikin ramukan, idanun da suka raine shi suka dube shi.

"Buɗe ƙofa, ɗana," ta ce. "A lokacin ba a bari mace ta kara da maza, na kuwa kara. Ba wanda ya raba ni da kambun nan sai kai, ranar da ka fara motsi a cikina."