Abin da Ya Toshe Injin Wanki

Mai gyara ya kwance matatar injin wankinmu, ruwan da ya ƙi fita ya malale a ƙasa. Ya zura yatsu ya zaro hankicina a ƙulle.

"Maigida, ga abin da ya toshe shi."

Na warware ƙullin. Na'urar da Baba yake sawa a kunne don ya ji magana ce. Ni na cire masa ita ranar da na yi masa aski, na ƙulle na jefa aljihu. Mako uku ke nan ina yi masa faɗa cewa da sakaci ya ɓatar da ita.

Yana zaune a bakin ƙofa. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

Ya kalli bakina bai ji abin da na ce ba, ya sunkuyar da kai.

"Yi haƙuri, ɗana. Har yanzu ina nemanta."