Ranar da Taswira ta Yi Ɓatan Kai

Saura awa guda a buɗe bikin makaranta, taswira ta yi ɓatan kai a lungunan Balad, wata tsohuwar unguwa a ƙasar Larabawa.

Tsohuwa tana gyaran lalo, tana kallon jikarta, malamar tarihi, tana safa da marwa da waya a kunne. Wata guda yarinyar nan ta yi tana shirya bikin tunawa da Turawan da suka fara ratsa yammacin Amurka suna zana koguna da duwatsu. Ta sa an buga mata tsohuwar taswirarsu, ga shi direban da zai kawo ta ya ce wayarsa ba ta san unguwar ba, fari fat take nunawa.

"Haka ta Turawan ma take, Hajiya," in ji jikar, tana dariyar takaici. "Rabinta fari, an rubuta ƙasar da ba a sani ba."

"Wa bai sani ba? Mutanen wurin ba sa komawa gida cin abinci?"

Tsohuwa ta goge hannu, ta karɓi wayar, ta juya harshe zuwa Larabcin kasuwa. "Ɗana, bi ƙamshin gurasa, ka wuce mai turare, koriyar ƙofa ce. Yalla, maza."

Minti biyar sai ga shi yana haki, taswira a kafaɗa, yana washe baki. "Alhamdulillahi, na gano ku!"

Tsohuwa ta dubi jikarta. "Kin ji ko? Shekara hamsin muna nan, yau an gano mu. Ba shi ruwa, ki rataya hotonsa a bikin."