Hancin Kellu Mai Turaren Wuta

Ɗan kawuna Kyari ya tauna goro kusan kwando guda, sannan muka hau babur ɗinsa Basfa daga Gashuwa zuwa Nguru, zai nemi auren Kellu mai haɗa turaren wuta.

Tana shimfiɗa mana tabarma a zaure ta ja numfashi.

“Yaya Kyari, har yanzu?”

“Karan sigari ɗaya ne, wallahi. Tun ina yaro Baba ya hana ni. Da na ji maganarsa...” Tari ya sarƙe shi har kajin maƙwabta suka watse.

Idonta ya ciko. “Mayafina mata ke fara shinshinawa kafin su saya. Hayaki biyu ba sa zama ɗaki ɗaya. Zaɓi.”

Don ruɗewa, hannun sakaran nan ya tafi aljihu neman ashana. Ta gani. Ta ce mu ɗaga, ta naɗe tabarmarta.