Falken da Bai San Sunan Mai Masaukinsa Ba

Tunda ka ce sai hannunka ya yi nauyi za ka je ka gaida mutumin nan da ya yi maka alheri, gyara zama ka ji misalin wani falke.

Mai sayar da tabarma ne, yana saurayi ya fara kai kaya babban birni. Birnin a wancan zamani ba abin yabo ba ne. Lunguna sai ka karkata kafaɗa, kwata na bin ƙofar gidaje, ga wani ƙaton kududdufi a tsakiyar unguwa, nan ake wanki, nan awaki ke sha, nan kuma ake ɗiba in rijiyoyi sun ƙafe. Falke ya sha ruwan nan, kafin kwana biyu amai da gudawa suka yar da shi a bakin hanya. Kowa ya zo sai ya ratse, har wani baduku, dattijo mai ɗinkin takalma, ya ajiye basillarsa ya goya shi. Ya tsallaka da shi ta kan itacen giginyar da aka gitta a maimakon gada, ya kwantar da shi a zaurensa. Kwana arba'in yana jinyarsa. Da hannunsa yake ba shi kunu, da hannunsa yake wanke masa abin da ko ɗan'uwa na jini sai ya kau da kai. Duk kwanakin nan falke bai taɓa jin sunan mutumin ba. Matarsa ta ce Malam, 'ya'yansa su ce Baba, maƙwabta su ce Baba, shi ma ya bi sahu. Ina yaro mai tarbiyya zai dubi furfura ya ce, sunanka wa? Kuma me zai yi da suna, tunda ya san gida: ka wuce kududdufi, ka hau giginya, ƙofa ta uku bayan tsamiya.

Ranar rabuwa ya yi kuka, ya ce baɗi war haka zai dawo. Baɗi ta zo, ya dubi abin da ke hannunsa, tabarma biyu da ƙwaryar gero, ya ce haba, wannan ai raini ne ga wanda ya ceci ransa, sai dai rago. Da ya sami ragon, ya ce rago ba riga ai rabin gaisuwa ne. Kasuwarsa ta juya wata nahiya, ya yi aure, ya tara 'ya'ya. Bai manta da Baba ba, wallahi ko sau ɗaya. Ƙafarsa ce dai ba ta je ba, har shekara ashirin da bakwai.

Da ya tashi zuwa, ya zo da rago mai ƙaho da riga mai aska takwas. Mota ta shiga birni, falke ya saki baki kamar wanda aka fito da shi daga rijiya. Kwalta shimfiɗe har cikin unguwanni. Kwata ta shige ƙarƙashin ƙasa, ba wari, ba ƙuda. Wata hanya ta hau kan wata hanya, motoci na gudu a sama. Ya ga mata na tarar ruwa a famfo, fari tas, ya sauka ya sha, ya ce da a da akwai wannan, da bai kwanta ba. Inda kududdufi yake an cike shi, an gina asibiti mai hawa uku. Ya yi murna ƙwarai, ya sa wa masu aikin albarka. Sai da ya gama yabo ya juya zai nufi gidan Baba, ya ga ba giginya, ba tsamiya, ba ƙofa ta uku. Titi ne mai hannu biyu ya bi ta kan unguwar.

Aka kai shi wurin mai unguwa, mutum mai fara'a. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, bawan Allah. Da za a yi titin nan, kowane magidanci an rubuta shi, an ba shi fili a sabuwar unguwa. Ga littafin nan. Sunansa wa?"

Falke ya buɗe baki, ya ce, "Baba."

Mai unguwa ya jira sauran, sauran bai zo ba. Falke ya ce ai baduku ne. Aka ce masa gida sittin da ɗaya aka tasa, kuma duk dukawa ne.

Mako guda ya yi yana bin sabuwar unguwa gida gida. Dattawan yawanci sun riga mu gidan gaskiya, waɗansu magada sun sayar sun tashi, waɗanda suka rage kuwa ba wanda ya san labarin wani baƙo da aka goya, don mutumin ba mai shelar alherinsa ba ne. Ranar da zai koma, ya yi la'asar a sabon masallacinsu, ya ɗaga hannu zai yi wa Baba addu'a. Nan baƙin ciki ya tuƙe shi. Bai san ko tsawon rai zai roƙa masa ba ko hasken kabari, kuma ba shi da sunan da zai ambata. Mutane suka watse suka bar shi hannu a sama, hawaye na bin gemunsa.

Gari ba ya tsayawa jiran kowa, balle mutum mai kwana ƙidayayye. Tashi ka je da tabarmarka biyu. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, zumunci a ƙafa yake.